Kilomita Goma Sha Biyun da Suka Rage

Litinin, 6 ga Fabrairu

Mzee Kandie, mai horar da mu, ya faɗa da bakinsa a gaban kowa bayan shayin safe: bana ba zan ja kowa ba a tseren birni. Gudun kaina zan yi, har ƙarshe. Na rubuta ne don kada gobe tsohon nan ya ce mafarki na yi.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin zomo. A sa ni a gaba, in ja manyan mata da gudun da aka yanka mini, ba daɗi ba ragi, in tare musu iska, kilomita talatin na cika in koma gefe in tsaya, su wuce su ci. Sau bakwai a tseren birni kaɗai, ban da na ƙasashen waje. Goma sha biyun da suka rage ban taɓa taka su ba.

Kiptarus, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa gudu, ya ce, "Uwar zomaye, kin san hanyar kuwa? Ko a rataya miki taswira a wuya?"

Na ce, "Kai da ka san ta, me ka taɓa kawo mana ban da ciwon gwiwa?"

Shekaruna talatin da huɗu. In ba bana ba, babu. Saura sati goma sha ɗaya.

Talata, 7 ga Fabrairu

Arba'in da huɗu.

Kullum haka take. Shida saura kwata mu jeru a bakin ƙofar sansani, kowa yatsu biyu a jijiyar wuyansa, Mzee ya riƙe tsohon agogonsa minti ɗaya, sannan kowa ya faɗi bugun zuciyarsa. Wanda tasa ta haura da goma a kan yadda ta saba, ya koma gado, ko da ya yi kukan jini. An ce ya fara wannan ne tun da wani ɗan sansaninsa ya faɗi a hanya, shekara ashirin da suka wuce, bai tashi ba. Shi dai ba ya zancen.

Jesire, da muke ɗaki ɗaya, hamsin ce tata, kuma abin yana cin ta. Shekarunta ashirin da ɗaya, komai na yi sai ta yi, har yadda nake ɗaure igiyar takalmi. Yau ta tambayi Mzee me ya sa tawa ta fi tata nawa. Ya ce, "Zuciyar da ta sha gudu babban guga ce, ja ɗaya ta cika tulu. Taki ƙaramin kwano ce tukuna, dole ta yi ta kai da kawowa. Ba ta shekara biyar."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Babban guga.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Na je gida bayan coci na gaya wa Baba. Yana tatsa, bai ɗago ba. Can ya ce, "Har ƙarshe? Inda ake ɗaura zaren nan?" Na ce har can.

Ya ce shekara da shekaru yana shan tsiya a shagon da suke kallon talabijin. Da an fara tsere sai a ce, ga 'yar Chemjor a gaba, a yi ta tafi. Da an kai gadar nan ta kilomita talatin sai a ce, to, ta gaji kuma. Ya gaji da bayanin cewa aikinta ke nan. Ni ma ina zargin shi kansa bai gama yarda ba.

Sai ya shiga ɗaki ya fito da goran Mama, mai duwatsun ado a wuya. Ashe tun shekarar da na fara gudu ta ajiye shi, wai ranar da na gama tsere a ba ni mursik a ciki, nononmu da ake tsumawa da gawayi, yadda ake tarbar kowane mai gudu. Ta rasu goran bai ga madara ba. Na ga an ba 'yan tsere da yawa da na ja, iyayensu na riƙe musu goran a baki, ni ina can baya da bargo a kafaɗa.

Ban yi kuka a gabansa ba. A cikin matatu, motar haya, na yi, kwandasta yana ta kallona.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya. Jiki yana ciwo. Ba komai ba ne.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Hamsin da bakwai na ƙirga. Na ce arba'in da huɗu.

Ba ni ce ta farko ba, ba kuma ni ce ta ƙarshe ba. Kowa a layin nan ya taɓa rage wa Mzee. Gobe akwai dogon gudu, in na rasa shi sati guda ya tafi a banza.

Na sa rigunan sanyi biyu, na ɗora rigar ruwa a sama, yadda manyanmu suka koya mana tun muna sababbi. A gudu zazzaɓi ke fita.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Kilomita talatin da biyu da zazzaɓi a jiki. Da na cire rigar ruwan, zufa ta zubo kamar an kifar da bokiti. Haƙorana na haɗuwa.

Jesire ta kawo mini shayi, tana kallona kamar ta ga mala'ika. "Yaya Jematia, ke kam ƙarfe ce."

Na ce mata, "Zazzaɓi baƙo ne, in kin shimfiɗa masa tabarma sai ya kwana. Zufa ke korar sa. Ki riƙe wannan." Ta gyaɗa kai. Za ta riƙe kuwa, ba ta mantuwa.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Zazzaɓi ya tafi. Ba na faɗa ba?

Talata, 28 ga Fabrairu

Wani abu ya faru a fili yau da ban gane ba.

Duk abin da nake taƙama da shi a duniyar nan shi ne ba na buƙatar agogo. A ce mini minti uku da daƙiƙa ashirin kowace kilomita, in rufe ido in kawo shi daidai. A ƙirjina nake jin sa. Shi ya sa ake nema na har ƙasashen Turawa. Yau na ji a jikina ina kan uku da ashirin, har ina haki ma, Mzee ya duba agogo ya ce uku da ashirin da tara. Na ce agogonsa ya tsufa. Na sake, uku da talatin da ɗaya.

Ƙafafuna lafiya lau. Su suna so, abin da ke aiko musu da jini ne ya yi rowa.

Da safe hamsin da takwas. Kuma akwai wani sabon abu: tana cikin bugawa sai ta yi shiru, kamar mai sauraron sallama a waje, sannan ta buga ɗaya da ƙarfi. Sau uku a minti.

Ragowar mura ce.

Juma'a, 3 ga Maris

Hamsin da tara. Na ce arba'in da huɗu.

Alhamis, 9 ga Maris

A hawa na biyu kan hanyar daji idona ya yi duhu. Wani nauyi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora mini buhun masara. Na durƙusa a gindin bishiya na kama igiyar takalmi, wai ta kwance.

Kiptarus ya wuce yana cewa, "Uwar zomaye, talatin ba ta cika ba fa, tashi!" Na nuna masa yatsu biyar. Ya tafi yana dariya.

Mzee ya iso a motar da ke bin mu da ruwa. Ya daɗe yana kallon takalmin, wanda igiyarsa ke ɗaure tam. Ya ce, "Nawa kika ce da safe?" Na ce arba'in da huɗu. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi mari.

Ni da na haye tsaunin nan sau ɗaruruwa. Haushi nake ji, ba tsoro ba. To, da tsoro kaɗan.

Litinin, 13 ga Maris

Na ce musu za ni Eldoret kitso. Kitson ma na yi, don kada a tambaya. Amma asibiti na fara zuwa.

Likitar 'yar ƙaramar mace, ba ta kai kafaɗata ba. Ta manna mini wayoyi a ƙirji, ta ɗebi jini, ta shafa mini wani mai sanyi ta nuna mini zuciyata a allo tana motsi. Karo na farko da na gan ta. Ta ce babba ce, kyakkyawa, irin ta masu gudu, kowane bugu tana tura jinin da ta wani sai ta yi biyu. Har na fara murmushi.

Sai ta ce, "Kin yi gudu da zazzaɓi kwanan nan?"

Na ce kowa yana yi.

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake ganin ku." Ta ce ƙwayar murar ta shiga tsokar zuciyar ta kumbura ta. Yanzu ba ta matsewa sosai, kowane bugu jinin da take turawa ya ragu, shi ya sa take ƙara sauri don ta cike gurbi, shi ya sa kuma ƙafafuna ke yunwa a hawa. Shirun nan da take yi kuwa, shi ne abin tsoro. A tsakiyar gudu yana iya zama rikicin da ba ta dawowa daga gare shi.

Ta ce, "In tsokar cinyarki ta yage, za ki yi tsere a kanta?" Na ce a'a. "To wannan ma tsoka ce. Bambancin, ita ba a ɗaure ta a ajiye. Hutun da za ki iya ba ta shi ne ki daina kora ta." Wata shida. Magani safe da yamma. Tafiya a ƙasa kawai, a hankali, yadda zan iya hira ba haki.

Na ce ina da tsere ranar ashirin da uku ga Afrilu.

Ta cire tabarau. "'Yar'uwa, ni ban hana ki ba, ba ni da sanda. Amma in kin tsaya a layin nan, ki bar wa wani lambar wayar gidanku."

Bakinta ya sari ɗanyen kashi. Takardar da ta rubuta mini tana cikin tsohon takalmina a ƙarƙashin gado.

Talata, 14 ga Maris

Kwana arba'in. Abin da nake roƙo ke nan. Bayan haka zuciyar ta huta shekara in tana so, in yi mata fifita.

Shekara goma sha ɗaya tana yi wa wasu bauta ba ta taɓa ƙorafi ba, sai yanzu da aikin namu ne, ni da ita? Likitoci suna faɗin mafi muni ne don su wanke kansu. Zan rage gudun sauri, in riƙe dogon. Maganin ina sha a ɓoye, a bayan kicin.

Sittin. Na ce arba'in da biyar, don kada ta yi kyau da yawa.

Lahadi, 19 ga Maris

Baba ya kira da wayar maƙwabci, yana ihu kamar daga wancan tsaunin yake magana. Ya kai kwat ɗinsa guga. Ya zaɓi saniyar da za a tatsa, jar nan mai karyayyen ƙaho. Ya gaya wa duk 'yan shagon talabijin su tanadi bakinsu.

Na ce masa horo yana tafiya daidai.

Asabar, 25 ga Maris

Talatin da biyar aka yanka. Na kai ashirin da shida na shiga mota. Na ce ciki ne, wake ne na jiya. Mai dafa mana abinci ya sha faɗa a banza, Allah ya yafe mini.

Na kwanta tun rana. Ina jin ta a kunnena, bugu, bugu, shiru, bugu. Na yi mata magana kamar mahaukaciya. Na ce, ki yi haƙuri, saura kwana ashirin da tara.

Duk da haka zan tsaya a layin. Ko da rarrafe.

Alhamis, 30 ga Maris

Jesire tana tari. Idanunta sun yi ja, ta bar rabin ugalinta, tuwonmu na masara. Na taɓa goshinta kamar murhu. Ta ture hannuna, wai ba komai ba ne.

Juma'a, 31 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Na farka na gan ta tana shiri. Rigar sanyi ɗaya, ta biyu, sai rigar ruwa a sama. Ta kashe mini ido ɗaya, ta ce, "Yau baƙon nan ba zai samu tabarma ba, Yaya." Maganata ce, ko kalma ɗaya ba ta sake ba. Na ce ta kwanta. Ta yi dariya, ta zaci gwada ta nake yi.

A layi tana gefena. Ina ganin jijiyar wuyanta tana harbawa ko ban taɓa ba. Mzee ya ce a fara, ya ce a tsaya. Aka bi layi. Da aka zo kanta ta ɗaga kai ta ce, "Hamsin," da murya mai kyau, ba ko gezau. Ni ma haka nake faɗa, ashe haka abin yake a ido.

Na kama wuyan hannunta. Ta fizge, na riƙe. Na ce, "Mzee, sake kunna agogon." Saba'in da takwas.

Ta ce, "Sake ni! Ke da kika yi talatin da biyu da zazzaɓi, me ya same ki? Ba ga ki nan ba garau?"

Kowa ya zuba mana ido. Kiptarus ma. Ina iya cewa jiki da jiki ba ɗaya ba ne, a mayar da ita gado, ni in wuce. Na ga hanyar a buɗe. Amma gobe za ta sake, in ba gobe ba baɗi, tunda ta ga ni ba abin da ya same ni.

Mzee ya ce, "Jematia, ke fa? Nawa?"

Na ce, "Sittin da uku. Tana tsayawa sau biyar a minti. Sati shida ke nan ina yi maka ƙarya."

Na je na ɗauko takardar daga takalmi, duk ta yi wari. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya kasa, ya ba Kiptarus ya karanta da ƙarfi. Da ya kai wajen wata shida sai Kiptarus ya naɗe takardar ya mayar masa.

Mzee bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Shekara ashirin ina riƙe agogon nan, ina cewa na tsare 'ya'yana. Ashe kunnena kawai nake ciyarwa." Ya zauna a kan dutsen bakin ƙofa. Ba a yi gudu ba yau.

An cire sunana daga tseren.

Asabar, 1 ga Afrilu

Jesire ba ta yi mini magana. Ta juya fuska bango. Ban sani ba ko don na tona ta ne, ko don ƙarfen nata ya zama gwangwani.

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ba na nadama. Ina nadama. Ban sani ba.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na kira Baba in gaya masa. Muka yi zancen ruwan sama da shukar masara minti goma. Na kashe.

Laraba, 12 ga Afrilu

Mzee ya kai Jesire wajen likitar da kansa, bayan kwana goma sha biyu a kwance. Zuciyarta lafiya. Za ta yi tseren, a hankali, don ta koyi hanya.

Da ta dawo ta ajiye mini mangwaro biyu a kan gado. Can ta ce, "Likitar ta ce in gaishe da mai taurin kan nan." Na ce ina amsawa.

Na sake kiran Baba. Zancen saniya.

Ina tafiya kullum da yamma zuwa kasuwa in dawo, kamar tsohuwa. Masu gudu suna wuce ni suna gaishe ni da ladabi, abin da ya fi komai ciwo. Wata shida ba shekara ba ce. Zan dawo.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Baba ya zuba madara a goran tun jiya. Maƙwabci ne ya faɗa. Na buɗe baki, na ce a gaishe shi.

Matsoraciya. Na iya faɗa wa mutum ashirin a layi, na kasa faɗa wa tsoho ɗaya.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Mzee ya ajiye ni a gadar kilomita talatin da gorar ruwan Jesire, in miƙa mata. Na ce ya ba ni wani wuri. Ya ce ba wanda ya san wurin nan kamata. Dabarata ita ce in an gama in je bakin zare in nemi Baba in faɗa masa a can.

Ina tsaye cikin zani da rigar sanyi sai na ji an ce, "Jematia?"

Kwat mai layin guga, sandar kiwo, goran Mama a rataye a kafaɗa. A gada. Na ce, "Baba, me kake yi a nan? Ai can ne ƙarshe."

Ya ce, "Na san halinki. Na ce bari in tsaya inda kika saba tsayawa, in kin zo za ki koma gefe in kora ki da sandar nan." Sai ya dubi zanina, ya dubi silifas ɗin ƙafata.

A lokacin ne manyan mata suka iso, wata sabuwar zomo a gabansu. Ta cika talatin ta koma gefe, daidai inda nake tsayawa, ta dafa gwiwa. Can baya Jesire ta zo, na miƙa mata ruwa, na yi ihu ta sassauta kafaɗa. Ta wuce.

Na faɗa masa duka, a tsaye, cikin hayaniya. Murar, rigar ruwa, ƙaryar, likita. Yana jingine da sanda yana kallon ruwan ƙarƙashin gada. Na ce ya yafe mini asarar madara.

Ya ce, "Likitar ta hana tafiya?"

Na ce a'a, in dai ba haki.

"Daga nan zuwa zaren nawa ne?"

Na ce goma sha biyu.

Ya yi tsaki. "Abin da nake kai shanu mashaya in dawo kafin shayi. Saniya mai ciwo ba a kora ta, ba a kuma barin ta a daji. Gaba ake shiga mata. Bi ƙafata."

Muka jira na ƙarshe suka wuce. Ya shiga gaba, ni a baya. Shekarunsa saba'in da takwas, kuma zomo ne na ƙwarai, na faɗa a matsayin wadda ta san aikin: taku ɗaya tun daga gada, ba daɗi ba ragi. In ya ji na yi shiru sai ya jefo tambaya, don ya ji ko ina haki. Wa ya auri wa, nawa ake sayar da taki. Sau huɗu ya ce gwiwarsa na ciwo mu zauna. Ƙarya yake, gadonta na yi.

Ashe akwai hawa a talatin da biyar. Shekara bakwai ina ce wa mata daga gada gangara ce har gida, na ji a bakin mutane ne. Ashe akwai makaranta mai shuɗin ƙofa, da wata mai gasa masara da ta ce, "Baba, ku ma tseren kuke?" ya ce mata, "Mu ne a gaba, ta baya." Aka buɗe hanya, motoci suka dawo, muka koma gefen titi muna taka kofunan roba.

Awa huɗu saura kaɗan muka yi. Da muka iso an kwance ƙofar ƙarshen tseren, ana loda ƙarafa a mota. Ba zare, ba kujeru. Sai farin layin da aka shafa a kwalta, shi ba ya kwantuwa. Jesire tana zaune a kan dakali da bargo, ta gama ta goma sha ɗaya, ta ƙi bin motar sansani don Mzee ya ce ba a gan ni ba.

Baba ya tsaya taku ɗaya kafin layin ya koma gefe. Ya ce, "Nan aikina ya ƙare. Wuce."

Na wuce.

Wani mai shara ya ce, "Baba, ai an tashi tun ɗazu." Ya ce, "Mu yanzu muka iso." Ya cire murfin goran, ya girgiza, ya riƙe mini a baki da hannu biyu. Ya yi tsami fiye da kima, ya sha rana, gawayin ya yi yawa, Mama da ta gani da ta yi faɗa. Na sha har ya zubo mini a wuya. Na miƙa wa Jesire sauran.

Ba gudu ba ne, na sani. Ba a rubuta sunana a ko'ina ba.

Litinin, 8 ga Mayu

Idon Mzee ba ya ganin allurar agogon sosai da asuba, shi ya sa na riƙe masa. Riƙewa kawai. Kwana goma ke nan.

Yanzu ba mai ƙirga tasa. Ni nake bin layi ina kama wuyan hannu ɗaya bayan ɗaya, yana cin minti ashirin, suna ta gunaguni. Rigunan ruwa duk suna cikin akwatina da kwaɗo, sai ranar da aka yi ruwan gaske. Kiptarus ya ce tasa arba'in da takwas tun kafin in iso, na samu sittin da ɗaya, hancinsa na yoyo. Na nuna masa ɗaki. Ya ce, "Uwar zomaye, da kina gudu kin fi mutunci." Na ce ya je ya shimfiɗa wa baƙonsa tabarma.

Takalman tseren na ba Jesire aro. Aro ne. Satumba likita za ta sake dubawa, sannan a gani.

Tawa hamsin da uku, ta tsaya sau ɗaya. Na faɗa da ƙarfi a gaban layi, ba wanda ya ma tambaye ni.